Jagora ga mai shagon tufafi a ƙauye: yadda ake karanta kasuwa kafin a tafi sari

Yawancin ƙananan shagunan atamfa da yadi da ke rufewa a garuruwanmu na karkara abu biyu ne ke cinye su: kayan da aka saro ba a kan lokacinsu ba, da bashin da aka bayar ba a rubuta ba. Masu saye suna nan, domin ba a fasa aure, ba a fasa suna, ba a fasa Sallah. Sai dai kuɗin mutumin ƙauye yana da lokacin zuwa da lokacin ɗaukewa, kuma sau da yawa wanda ya zo bakin shago ya biya ba shi ne ya zaɓi kayan ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su, ko shago gare ka a bakin tasha, ko ke ce mai sayarwa daga cikin ɗakinki.

Mataki na farko: rubuta lokutan da kuɗi ke shigowa garinku

Kafin ka sayi ko turmi ɗaya, samu littafi ka raba shekara gida goma sha biyu, ka rubuta a gaban kowane wata inda mutanen garinku ke samun kuɗi. Garin da ya dogara da noman damina, aljihu yana cika ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da dawa da wake da gyaɗa suka zo gida. A yankunan Jigawa da ake noman riɗi da zoɓo, kamar wajejen Maigatari da Gumel, kuɗin yana zuwa a dunƙule, a 'yan makonni, kuma da ya zo ake ɗaura aure. Amma idan kana Kura, Bunkure, Garun Malam ko Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ba da noman rani, ko kana kwarin Haɗeja wajen Auyo, to kakarka biyu ce, domin shinkafa da alkama da tumatir da albasa suna sake kawo kuɗi bayan na damina ya ƙare. Ga kuma 'yan ci-rani da ke dawowa daga Legas da Abuja da Fatakwal gab da faɗuwar damina, da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke taɓa kuɗi a ƙarshen wata.

Sannan ka ɗora watannin Musulunci a kan wannan lissafi. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2024 an yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris, Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo ranar 6 ga Yuni. Ma'ana, a waɗannan shekaru ƙaramar Sallah tana samun manomi watanni bayan kaka, rumbu ya fara yin ƙasa, ita kuwa babbar tana samun sa yana neman kuɗin taki da iri da na rago. Mutumin da ke tsakanin buhun taki da ragon layya ba zai ɗinka shadda mai tsada ba, komai son sa da ita. Shi ya sa a ƙauye ƙaramar Sallah ce Sallar tufafi, babbar kuwa galibi a wanke na ƙaramar a goge a maimaita. Kada ka yi wa Babbar Sallah sari irin na ƙaramar. Kuma tunda azumi yana ta matsowa wajen hunturu da kaka, cinikin Sallah zai riƙa samun aljihu da sauran nauyi a shekaru masu zuwa, sai ka riƙa sabunta lissafinka duk shekara.

Watan Sha'aban ma ka yi masa alama, saboda ana rige-rigen kai amare kafin azumi. Haka watan Mauludi da lokacin saukar karatu na Islamiyya, inda ake neman fararen yadi da hijabai masu launi ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma rigunan sanyi, safa, hular sanyi ta yara da bargo.

Mataki na biyu: gane mai zaɓe da mai biya

Wannan shi ne matakin da na fi so a tsaya a kai, don shi ke raba mai shagon da kayansa ke tafiya da wanda nasa ke shan ƙura.

Magidanci zai zo ya tsaya ya ce, "Malam, ba ni atamfa mai kyau ta uwargida." Idan ka zaɓa masa da idonka ka miƙa, akwai yiwuwar gobe yaro ya dawo da ita a leda, wai an ce launin bai yi ba. Matan aure da yawa a karkara ba sa fitowa kasuwa, amma su ne ke yanke hukunci a kan zane da launi. Saboda haka amsar da ta dace ita ce, "Alhaji, bari in haɗa maka kala uku a kai ciki ta zaɓa, a dawo min da biyu kafin magariba." Ka rubuta abin da ya fita da sunan wanda ya ɗauka. Idan gidan mata biyu ne ko uku, kada ka bari ya tafi da kaya masu bambancin daraja. Ka ba shi masu kuɗi ɗaya, zane daban, ko kuma iri ɗaya sak idan haka gidan suka saba. Ka tambaye shi a hankali. Turmi ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tsada yana iya tayar da rigimar da za ta sa gidan gaba ɗaya su daina sayen kayanka.

Wanda yake namiji ne, yana bukatar mace amintacciya da za ta shiga gidaje da kaya: matarsa, ƙanwarsa, ko dillaliya da aka sani a gari. A yi yarjejeniyar la'ada tun farko, a kan kowane turmi, kada a bar shi a "sai abin da ka ba ni". Ita kuwa mace mai sayarwa a gida, ke kina da abin da mai shagon bakin titi ba shi da shi, domin mata za su zauna a ɗakinki su warware zani su kara a jiki su faɗi gaskiyar abin da suke so. Abin da kike bukata shi ne wanda zai riƙa yi miki sari da amana, da kuma ƙarfin halin cewa a'a ga bashin ƙawaye.

A lokacin Sallah, tsarin gidaje kusan ɗaya ne: yara tukuna, sannan uwarsu, maigida a ƙarshe idan an samu rara. Uba zai iya zuwa idi da tsohuwar rigarsa, amma ba zai jure ganin 'yarsa ba sabon kaya cikin sa'o'inta ba. Don haka a shekarar da hannu ya yi tsauri, kayan yara ne ba sa kwantai: 'yan kanti, ƙananan hijabai, takalma, huluna, yadin da za a yanka wa yara maza uku a jere.

Lefe kuwa nasa tsarin daban. Ango ne mai kuɗi, amma yayyensa mata da gwaggonninsa su ke haɗa akwati, su kuma abin da ke ransu shi ne abin da dangin amarya za su ce ranar da aka buɗe kaya. Suna son 'yan turame masu suna da za a ɗora a sama, sannan matsakaita da za su cika akwati. Manyan kayan lefe yawanci Kano ake tafiya saye, kuma ba sai ka yi gasa da kasuwar Kantin Kwari ta can ba. Kai ka nemi cikon: mayafai, ɗankwali, hijabai, zannuwan gado, jaka da takalmi, ko ka karɓi jerin kayan ka je ka saro musu ka ɗora ribarka a fili. Anko ma haka: kada ka saro turmi ashirin na zane ɗaya don an ce maka "za mu saya". A kawo rabin kuɗi tukuna.

Mataki na uku: bibiyar yayi

Yayi yana tasowa daga birni, ya sauka a hedikwatar ƙaramar hukuma, sannan ya iso ƙauye. Da can tafiyar tana ɗaukar lokaci mai tsawo. Yanzu budurwa a ƙauyen Ringim ko Gaya tana ganin ɗinkin a TikTok ko a finafinan Hausa a wayar yayanta a ranar da 'yar Kano ta gani. Idonta ya riga aljihun babanta isa. Abin da take nema a wurinka shi ne mai kama da wancan, a kuɗin da za a iya biya.

Ba ka da majiya kamar tela. Shi yake ganin abin da mutane suka sayo daga wasu wurare suka kawo masa, wato cinikin da ya wuce ka. Ka riƙa zama a shagonsa kana tambaya: wane yadi ne ya fi shigowa a watan nan, wanne ne ke ba shi wahala a keke, wanne aka dawo ana ƙorafin ya koɗe. Mace kuma ta buɗe ido a gidan biki da gidan suna, ta lura da abin da aka fi taɓawa ana tambayar "a ina kika saya?"

Akwai sauye-sauyen da suka riga suka zauna. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mafi yawan atamfa da leshi da yadin da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, galibi daga Chaina, tun bayan durƙushewar masaƙun Kano da Kaduna, don haka farashinsu yana bin dala. Abin da hakan ya haifar a ƙauye shi ne kowa ya sauko da taki ɗaya. Mai sayen babbar atamfa ta koma matsakaiciya, mai sayen matsakaiciya ta koma roba, mai sayen turmi ta koma rabi, wasu kuma sun koma gwanjo, musamman a kayan yara da na sanyi. Kuɗin ɗinki ma ya hau, shi ya sa abaya da dogayen riguna ɗinkakku da jallabiya suka samu shiga: an saya an saka, ba jiran tela, ba kuɗin zare.

Amma kada yayi ya rufe maka ido daga kayan da ba sa tsufa. Dattijuwa tana son zani mai kauri, mai duhun launi, wanda zai jure wanki da rana. Dattijo yana son farin yadi ko ruwan toka ko shuɗi mai haske na zuwa masallaci. Waɗannan ba sa kawo riba mai yawa a kan kowane ɗaya, amma duk wata suna fita.

Mataki na huɗu: sari

Atamfa, shadda, leshi da yadi, Kantin Kwari. Gwanjo, Ƙofar Wambai. Takalma, jakunkuna da kayan yara 'yan kanti, ka zaga Sabon Gari da Wambai ka kwatanta. Ka fita da asuba da jerin abin da za ka saya a rubuce, domin Kwari wuri ne da ido ke cinye uwar kuɗi kafin azahar.

Shawarata ita ce ka raba kuɗin sari gida uku. Kaso mafi girma, fiye da rabi, ya tafi a kan abin da littafinka ya nuna yana fita kullum. Kaso na biyu a kan abin da lokacin ke nema, Sallah ce ko sanyi ko bikin kaka. Ɗan ƙaramin kaso na ƙarshe shi ne na gwajin sabon yayi, turmi biyu ko uku, ka ga yadda gari zai karɓa. Kuma kada ka kashe kuɗin duka. Ka bar abin da za ka koma da shi bayan mako biyu, don sari kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi sari ɗaya babba a ƙaramin gari.

Dalili kuwa shi ne a ƙauye kowa ya san kowa. Idan ba anko ba ne, mace ba ta son ta je suna ta tarar da mata huɗu sanye da zaninta. Zane ɗaya, kada ya wuce turmi biyu ko uku, su ma launi daban-daban.

Ka duba kaya da hannunka. Turmin atamfa yadi 6 ne, ka sa a auna ko ɗaya a gabanka idan dilan sabo ne a wurinka. Ka jiƙa gefen farin ƙyalle ka goga a bakin zanin ka ga ko yana zuba. Ka murza shadda ka gani ko ƙyallin na jikinta ne ko sitaci ne da zai tafi a wankin farko. Sunaye irin su Getzner, wadda ake yi a ƙasar Ostiriya, da Super Holland ta kamfanin Vlisco, ana buga tambarinsu a kan na kwaikwayo sosai. Idan farashin ya yi araha fiye da hankali, to ba ita ba ce. Ba laifi ka sayar da na kwaikwayo matuƙar ka faɗa wa mai saye abin da yake saye. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a garin da gidaje ba su wuce a ƙirga ba, zani ɗaya da ya zuba a wankin farko labarinsa zai zaga kafin la'asar.

'Yan kayi-nayi, wato masu shiga tsakanin mai saye da mai kaya, za su tare ka tun daga bakin layi. Suna da amfani ga baƙo, amma da nasu a cikin farashin. Ka yi ƙoƙari ka samu dila ɗaya ko biyu da za ku saba, ka riƙe lambarsu, ka riƙa biya a kan lokaci. Bayan 'yan watanni za su fara turo maka hotunan sababbin kaya ta WhatsApp, su sa maka a motar garinku, ka huta da kuɗin mota.

Game da Sallah, lokaci shi ne komai. Kayan da sai an ɗinka, su kasance a shagonka tun kafin a ga watan azumi, ko a goman farko, saboda teloli suna daina karɓar ɗinki da azumi ya raba. Daga nan ciniki ya koma kan ɗinkakku: abaya, hijabi, kayan yara, hula, takalmi. Su ne ke tafiya har daren Sallah. Wanda ya kawo atamfa ranar ashirin da biyar ga azumi, ya kawo ta ne don bikin bayan Sallah.

Mataki na biyar: sa farashi

A ce ka saro turmi a naira 10,000. Kuɗin motarka zuwa da dawowa, ɗan dako, leda, abincin rana, duka a raba su a kan yawan kayan da ka ɗauko. Idan kowane turmi ya ɗauki 500, to 10,500 ne ya iso shago, daga nan riba ke farawa. Sannan ka bar wurin ciniki, domin mutanenmu ba sa jin daɗin saye sai an taya an yi albarka an rage. Amma ka san iyakar da ba ka sauka ƙasa da ita, kuma iyakar ta zama ɗaya ga kowa. Idan Inna ta saya a wani kuɗi, maƙwabciyarta ta saya ƙasa da haka, za su haɗu a bakin rijiya.

Abu mafi muhimmanci a wannan zamani: kafin ka sayar da tsohon kaya, kira Kwari ka ji farashin yau. Idan turmin da ka saro 10,000 ya koma 13,000, kai kuma ka sayar 12,000 kana murnar riba, gobe ba za ka iya mayar da shi kan kanta ba. Haka shago ke ramewa mai shi bai ankara ba.

Ka yarda ka yanka. Rabin turmi, falle ɗaya, yadi biyu na yaro. Ribar yanka ta fi ta turmi, kuma tana riƙe maka mai ƙaramin ƙarfi.

Mataki na shida: bashi

Ba za ka yi kasuwanci a garinku ka ce ba ka ba da bashi ba, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Abin yi shi ne ka sa masa iyaka. Ka yanke adadin da ba zai wuce ba a waje a lokaci guda, idan ya cika, sai wani ya biya wani ya karɓa. Kowane bashi a rubuta shi a gaban mai karɓa, da kwanan wata da ranar biya, kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara. Da wannan za ka iya cewa, "Kawu, ba rashin yarda ba ne, haka addini ya ce a yi," ba tare da an ji kunya ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ajiya: mace ta zaɓi zaninta, a rubuta sunanta a jiki, ta riƙa kawo abin da ta samu daga sana'arta ko kwasar adashe, ranar da ta cika ta ɗauka. A sa wa'adi, wata ɗaya ko biyu. Bashin "sai kaka" kuwa ka yi hattara da shi. Wanda ya karɓa a watan Yuni zai biya a Nuwamba, kuɗinka ya kwana wata biyar bai juya ba, farashi kuma ya tafi ya bar shi. Idan damina ta yi gardama ko ambaliya ta ci gona, kamar yadda ake yawan gani a yankin Haɗeja, sai wata kakar.

Mataki na bakwai: ranar kasuwa, waya, da kwantai

Kada ka zauna jiran mutanen garinku kawai. Wudil tana ci ranar Juma'a, Maigatari Alhamis, Gujungu da Dambatta Lahadi, Shuwarin Litinin. A irin waɗannan kasuwanni mutum yana sayar da akuya ko buhun hatsi da hantsi, kuɗin na hannunsa kafin azahar, kuma ba ya son komawa gida hannu rabbana. Ka samu rumfa ko shimfiɗa a kan hanyar da ake fitowa daga kara ko layin hatsi. Fulani mata da maza suna da irin launi da yadin da suke so, ka lura da abin da suke sanye da shi ka tanada.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya shiga ƙauyuka. Ka buɗe asusun shago daban da na gida, OPay ne ko Moniepoint ko banki, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba a fuskar wayar mai saye ba. Hotunan kaya ka ɗauke su a inuwa da hasken rana don launi ya fito yadda yake, ka sa a WhatsApp, ka bi su da saƙon murya, tunda da yawa daga cikin masu sayenka sun fi sauraro a kan karatun boko.

Duk yadda ka kai da lura, wani kayan zai yi kwantai. Ka riƙa juya na gaba zuwa baya don rana tana cin launin ninki, ka rufe da leda a lokacin hunturu saboda ƙura, ka ɗaga kaya daga ƙasa da jikin bango da damina saboda danshi da gara. Abin da ya wuce wata uku bai motsa ba, ka fara kai shi kasuwar wani gari, don zanen da garinku ya ƙi wani garin yana iya so. Idan can ma bai fita ba, ka sayar da shi a kuɗin da ka saro, ko ka ba tela ya mayar da shi rigunan yara ka rataye.

Mako guda bayan kowace Sallah, ka rufe shago rabin yini ka ƙirga komai: abin da ya ƙare da wuri har aka zo nema babu, abin da ya rage, kuɗin hannu, da bashin da ke waje. Ka rubuta ranar da cinikin ya fara zafi da ranar da ya tsaya. Wannan shafin shi za ka buɗe baɗi kafin ka shiga mota zuwa Kwari, kuma da shi za ka lissafa zakkar kayan shagon, ɗaya cikin arba'in, idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kanta.